Kwalabe Arba'in da Uku

Na ga saƙonninku, duk na gani. Da masu cewa "Anti Tela ina kika shige?", da masu tambayar ko haihuwa ce ta zo, har da baiwar Allahn da ta rubuto mini cewa in faɗa muka yi da maigida in yi haƙuri in koma ɗakina. Allah ya bar zumunci. Haihuwa dai da sauran wata huɗu da 'yan kwanaki, kuma ba faɗa muka yi ba. Sati uku ke nan ina ɗaukar wayar nan in rubuta layi biyu in goge. Yau na ce sai na faɗa muku, ko da kuka zai cinye rabin labarin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni tela ce, kuma ni ce auta a gidanmu. Mijina furanni yake raino yana sayarwa a wani fili da ke bakin titi. Ummata ba ta so auren ba, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Akwai ɗan ƙawarta mai aikin ofis, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli, shi ta so mini. Ni kuwa zuciyata ta je ta maƙale wa mutumin da ƙasa ba ta rabuwa da faratansa.

Ranar da ya fara zuwa wurina na ci ado kamar me. Doguwar riga ruwan toka da na kwana biyu ina yi wa aiki a wuya, mayafi fari, har da jan-baki. Na fito ina taku ɗai-ɗai, sai ya miƙo mini kwalba. Kwalbar zuma ce da aka wanke, ruwa a ciki, da wani ɗan reshe mai ganye uku.

"Na mene ne?" na ce.

"Ki ajiye a taga. Nan da kwana goma zai yi saiwa. In ya yi, sai in dawo in gani."

Kun ji wayo? Ya samo wa kansa dalilin dawowa. Da na shiga ciki Umma ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce, "Auta, ganye ya kawo miki? To Allah ya sa ana ci." Tun daga ranar ta sa masa Mai Ganye. Ita da gatse take faɗa, ni kuma na ɗauki sunan na mayar da shi nawa, har yau haka yake a wayata.

Duk zuwan da zai yi da kwalbarsa. Kafin a ɗaura mana aure sun kai arba'in da uku, kuma ko ɗaya ban yar ba. Na san wadda ya kawo ranar da muka fara saɓani, na san wadda ya kawo ranar da Abba ya ce ya turo manyansa. Doka ɗaya ya ba ni a kansu, ya kuma maimaita ta har na haddace: "Kar ki zubar da ruwan. In ya ja baya ki ƙara kawai. Saiwa ba ta son a dame ta."

Da muka tare a gidanmu, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, ya buga mini katako hawa uku a jikin tagar ɗakin ɗinkina, na jera su a kai, dab da keken. Da hantsi in rana ta bugo, sai ka ga saiwoyin farare sun cika kwalaben suna nannaɗe da juna. Sau nawa yana cewa, "Tela, ki bari in mayar da su ƙasa. A lambu ba na barin reshe ya wuce sati uku a ruwa." Ni kuma in ce, "In ka binne su ta ina zan riƙa ganin saiwar?" Sai ya yi dariya ya ƙyale ni. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ɗora masa laifin shi kaɗai.

Da ciki ya samu, Umma ta sauko kaɗan. Ita ta kawo gidan sauro da kanta, ta tsaya a kan Mai Ganye har ya ɗaura. Kullum a cikinsa nake kwana. Awo ban taɓa fashi ba. Abin da ban sani ba shi ne akwai sauron da ba ruwansa da dare. Ina kan keke da rana tsaka zan ji cizo a idon sawu, in kai mari, in ga wani ɗan baƙi mai zanen fari a ƙafafu, in share hannu in ci gaba da ɗinkina. A lokacin hular jariri nake yi, ruwan madara, mai laushi, da ɗan kunnen zomo a sama.

Ina sati na goma sha bakwai na tashi da ƙananan ƙuraje a wuya da hannuwa. Idanuna suka yi ja, gaɓoɓin yatsuna suna ciwo har almakashi ya gagare ni. Zazzaɓin ma ɗan kaɗan ne, da don ni ne da ban je ko'ina ba. Mai Ganye ne ya ce, "Sa mayafinki." Ya rufe lambu muka tafi asibiti.

Likitar da ke duba ni mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta duba ƙurajen, ta buɗe idona, ta tambayi unguwarmu. Da na faɗa sai ta ce an samu irin haka daga wajenmu a 'yan kwanakin nan. Aka ɗauki jini da fitsari. Bayan kwana huɗu ta kira mu, mu biyun.

"Sunan cutar Zika," ta ce. "Sauro ne ke yaɗa ta. Ke kam za ki warke, kin ma fara. Mutane da yawa suna yin ta ba su ma san sun yi ba. Damuwarmu abin da ke cikinki ne."

Na ji hannuna ya kai kan cikina da kansa.

"Tana iya ratsawa ta kai ga jariri. In ta kai, wani lokaci tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai kan ya ƙi girma yadda ya kamata. Tana iya taɓa gani ko ji. Amma ki saurare ni da kyau: yawancin matan da suka yi ta da ciki lafiya suke haihuwa. Ban ce ya faru ba. Cewa na yi za mu sa ido."

"Likita, a ba ta maganin mana," in ji Mai Ganye. "Ko allura, ko mene ne."

"Ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Abin da muke da shi hoto ne. Za mu riƙa auna kan yaron duk bayan sati uku har ta sauka."

Ta ƙara da wata magana da ta sa dukanmu muka sunkuyar da kai: cutar tana iya zama a jikin namiji ta koma wa matarsa ta hanyar auratayya, don haka sai da kariya har in haihu. Hoton da aka yi ranar bai nuna komai ba, amma ta ce ya yi wuri a gane. Ta rubuta mana ranar dawowa, ta ce za a turo duba-gari ta ga gidan.

Washegari da hantsi duba-garin ta zo, wata dattijuwa da tocila a hannu. Ta leƙa durom ɗin ruwanmu, a rufe. Bokitai a kife. Bayan firji a bushe. Har tana yaba mini tsafta, ni kuma ina jin daɗi. Sai ta shiga ɗakin ɗinki ta tsaya.

"Kai, masha Allah. Wa ke da wannan lambu?"

"Nawa ne," na ce, har da ɗan murmushina.

Ta ɗauki kwalba ɗaya, ta ɗaga ta saitin taga, ta haska. Ta ce in matso. A tsakanin fararen saiwoyin nan da nake alfahari da su, wasu ƙananan abubuwa ne suke ta mutsu-mutsu, su sauka ƙasa su taso sama. Na sha ganinsu. Wallahi na sha ganinsu, na ɗauka dattin saiwa ne.

"'Ya'yan sauro ne, 'yata. Irin wannan ba ya son kwata, ruwa mai kyau yake so, wanda ya zauna a cikin gida kusa da mutane. Yaushe rabon da a zubar da ruwan nan a wanke kwalaben?"

Daga bayana na ji muryar Mai Ganye, ƙasa-ƙasa.

"Ba a zubarwa. Ƙarawa ake yi. Ni na ce a riƙa ƙarawa."

Matar ta dube shi, ta dube ni, da alama ta gane abin da ke tsakaninmu da kwalaben. Ta sassauta murya ta ce ba za ta rantse cewa sauron nan ne ya cije ni ba, unguwar duk akwai shi. Amma a cikin arba'in da uku, ta samu a talatin da ɗaya.

Umma ta iso kafin azahar, don ni na kira ta ina kuka. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta buɗe akwatina ta fara ninke kaya. Mai Ganye ya zo bakin ƙofa ya durƙusa.

"Umma, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ai kai ba ka yi komai ba. Ganye ka kawo." Ta ja zik ɗin akwatin. "Auta, wuce mu tafi. Gidana ko ba komai tagoginsa da raga."

Na tsaya ina jiran ya ce a'a, ya ce matarsa ba inda za ta. Sai ya miƙe ya ɗauki akwatin da kansa ya sauka da shi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, duk da na san don ni ya yi.

Kwana goma sha shida na yi a ɗakina na 'yanmatanci. Umma ta sa ni cikin dogayen riguna masu dogon hannu da safa, ga man korar sauro da likita ta ce ba ya cutar da mai ciki, safe da yamma tana shafa mini a ƙafa da hannunta. In ta gama sai ta ɗan bar tafinta a kan cikina, ta yi addu'a a hankali, ta tashi kamar ba ita ba. Sunansa kuwa ba ta so ta ji. "Da kin ji maganata," ta fara cewa wata rana, sai ta ga fuskata ta haɗiye sauran.

Shi kuma ya koma baƙo a wayata. Mutumin da yake cika ni da surutu, yanzu sai:

"Kin tashi lafiya?"

"Kin ci abinci?"

"Allah ya ƙara sauƙi."

Na rubuta masa: "Mai Ganye, ni ce fa na hana ka binne su."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga amsa: "Sana'ata ce. Ni ya kamata in sani."

"To ka zo in gan ka."

"Da wane ido zan kalli Umma?"

"Da wanda za ka kalli ɗanka," na tura, na kife wayar na yi ta kuka. Ina jin haushinsa, ina kewarsa, duk a lokaci ɗaya. Kwalaben ban tambaya ba, na riga na saddaƙar suna bola. Hular nan mai kunnen zomo kuwa tana cikin jakata ban ƙarasa ba. Duk sanda na ciro ta sai in tuna a kan awon jariri mai lafiya na yanka ta, sai in mayar. Ku da kuka taɓa ɗaukar ciki, kun san yadda mutum yake magana da abin da bai gani ba. Ni abu ɗaya nake ce masa: ka girma, don Allah ka girma.

Ranar hoto, shekaranjiya ke nan, na saka riga shuɗiya mai faɗi, wadda yake cewa tana yi mini kyau. Umma ta lura. Da muka shiga mota sai ta juyo gare ni.

"Kin faɗa masa lokacin?"

"Na faɗa, Umma. Ɗansa ne."

Ta juya tana kallon titi.

Muna shiga asibitin na hango shi a kan benci, ya riga mu. Ya rame. Hannuwansa duk sun farfashe, ya ɓoye su a tsakanin gwiwoyi. Ya gaida Umma a durƙushe, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta wuce karɓo kati. Na zauna kusa da shi.

"Me ya samu hannunka?"

"Aiki ne." Ya ci gaba ba tare da ya dube ni ba. "Na bi gidan namu ɗaki-ɗaki. Tsofaffin tayoyin da ke bayan gida na kwashe, na rufe tankin sama, na share magudanar rufi. Maƙwabta har sun fara ɓuya in sun ji tafiyata. Na sa raga a tagogi. A lambu ma yanzu ba abin da ke kwana uku a ruwa."

"Kwalabena fa?"

Ya ciro waya ya nuna mini. Katakon nan ne hawa uku a jikin tagata, amma babu kwalba ko ɗaya. Ƙananan tukwane ne a jere, cike da ƙasa, kowanne da tsironsa, kowanne da lamba a jiki da farin fenti, daga ɗaya har arba'in da uku.

"Ban tabbatar na jera daidai ba," ya ce. "Ta goma sha bakwai da ta goma sha takwas sun rikice mini."

Na ƙura wa hoton ido. "Ka juya su. Mai jan ganyen ita ce ta ranar da muka yi faɗa."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da share ido. Daidai nan aka kira mu.

Ɗakin hoton da sanyi da duhu-duhu. Umma ta tsaya a kaina, shi ya tsaya daga ƙafa. Likita ta shafa mini man nan mai sanyi, ta ɗora na'urar. Sai ga shi a allo, yana ta harba ƙafa abinsa, ba ruwansa da mu. Ta juya na'urar har kan ya fito zagaye, ta tsayar da hoton, ta fara zagaye shi da ɗigo-ɗigo. Ni tela ce, na san shirun mai awo. Ta auna, ta goge, ta sake aunawa. Ta daɗe tana kallon cikin kan. Ina jin yatsun Umma suna nutsewa a kafaɗata.

"Santimita goma sha bakwai da rabi," ta ce. "Daidai da sati ashirin. Cikin ƙwaƙwalwar ma ban ga abin da ya tsorata ni ba."

Umma ta saki wata irin hamdala. Likita ta ɗaga hannu.

"Hajiya, na yau na faɗa. Wani lokaci sai ciki ya tsufa abin yake nunawa, wani ma sai bayan haihuwa, shi ya sa ko an haife shi za mu duba idonsa da kunnensa. Ku dawo nan da sati uku. Abin da nake so in gani shi ne lambar nan ta ƙaru yadda ya kamata."

Muka fito baranda. Ina gyara mayafi sai na ga yana lalube a aljihu. Ya ciro koren zaren nan da yake ɗaure tsiro da shi a jikin sanda.

"Tela, tef ɗinki na jaka?"

Ina zai je? Na ciro. Ni da inci nake aiki, sai da na juya bayansa, gefen santimita da ban taɓa kulawa da shi ba. Ya shimfiɗa zaren a kai, ya sa farce a goma sha bakwai da rabi, ya lanƙwaso shi ya yi zobe. Muka tsaya muna kallo. Kan ɗanmu ke nan, ɗan zagaye a tafin hannun babansa. Ya yi ƙulli sau biyu yana kwancewa.

"Wannan kuma wane sabon shirme ne?" in ji Umma. "An gama da ganye an koma zare?"

Ta matso ta leƙa. Ta daɗe tana kallon zoben nan, sai na ga haɓarta tana motsi.

"Kawo nan. Ba haka ake ƙulli ba." Ta kama hannuna ta zagaya zaren a wuyan hannun, ya zauna cif kamar an auna da ni. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai, Abban yaro, sa yatsanka nan in ƙulle."

Abban yaro. Ya dube ni, na dube shi. Ya sa yatsan, ta ƙulle a daidai inda farcensa ya yi alama, ta ciji ragowar zaren ta yar.

"Kuma ba laya ba ce, kar wani ya tambaye ni," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Ka je ka ɗauko akwatinta da yamma. Amma sai na zo na ga ragar nan da idona."

Yanzu haka a ɗakin ɗinkina nake rubuto muku, ga tukwanen a taga, na mayar da ta goma sha bakwai wurinta. In kuna da ruwan da ya kwana biyu a zaune a gida, ko na fure ne, ko na ƙarƙashin tukunya, don Allah ku ajiye wayar nan ku je ku zubar, ku wanke mazubin. Zan jira ku.

Tsoro bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ɗazu na ciro hular na ɗinke kunne ɗaya. Zaren yana hannuna, ya kama ni cif, har yana barin ɗan sawu. Mai Ganye ya riga ya yanko wani ya ajiye a aljihun rigarsa, dogo, bai ƙulla ba. Sauran kwana goma sha tara. Ni da na saba addu'ar kaya su zauna wa mutum daidai, yau roƙona ɗaya ne: in Umma ta ɗaura mini na gaba, ya yi mini yawa, ya zame ta yatsuna ya faɗi ƙasa.